Guntu Ɗari Huɗu da Goma Sha Ɗaya

Ranar da aka raba gadon kakana Lamburos
ƙanena ya ɗauki agogo, gwaggo ta kwashe kujeru,
ni kuwa aka miƙo mini kwat ɗin gashin dila,
ni da na shekara tara ban kai nama baki ba.
Kowa ya sunkuyar da kai yana haɗiye dariya.

A Kastoriya, garinmu na bakin tafki,
allura ce ta gina benaye.
Kakana bai taɓa yanka fata sukutum ba.
Abin da manyan shaguna suka share daga ƙasa,
ƙafa, gefen ciki, bayan kunne, tsinin wutsiya,
shi yake saye a buhu, bisa sikeli,
ya zauna gaban taga har ido ya kawo ruwa
yana haɗa guntu da guntu kamar mai sasanta dangi.

Daren jiya na ƙirga su ta ciki, ina bin ɗinki.
Ɗari huɗu da goma sha ɗaya.
Ban san dila nawa ke nan ba.

Ina 'yar sha bakwai na leƙa gonar da ake kiwonsu.
Keji a jere, daɓensa waya,
tafin da bai taɓa sanin ƙasa ba.
Wata tana ta kewaya, tana ta kewaya
a filin da bai kai faɗin teburin cin abincinmu ba.
Na dawo gida da wuta a baki:
Kaka, akwai jini a hannunka.

Bai ɗago ba sai da ya cije zare.
Ya ce, Ebantiya, miƙo hannun rigarki.
Ya murza ta tsakanin yatsa biyu
yadda yake wa kayan da ba zai saya ba.
Ya ce, wannan ai man fetur ne aka saƙa.
Duk wanki sai ta zubar da gashinta a ruwa,
ruwa ya kai tafki, kifi ya haɗiye.
Wa ta ɗinka miki? Nawa aka sallame ta?
Baɗi war haka tana juji,
can za ta zauna har jikokinki su yi furfura.

Na ce, dila dai ba ara maka ta yi ba.

Ya ce, haka ne.

Iyakarta ke nan. Haka ne.
Amma tun daga Lahadin nan
tukunyar wakensa ba ta ƙara ganin nama ba:
manyan wake, tumatir, man zaitun,
da gunaguninsa a maimakon yaji.
Ni ma ban sake sayen rigar da ban juya wuyanta
na karanta inda ta fito ba.
Ba wanda ya ce wa wani ka yi gaskiya.

Yanzu ga ta a kan gadona, ta baje kafaɗu.
In na sayar, na ƙara wa kasuwar kiɗa.
In na ƙone, na kashe su karo na biyu.
Akwati kuwa asu ne zai ci gadon.

Da asuba ƙanƙara ta rufe bakin tafki,
agwagi suka tsaya cirko-cirko a kanta.
Na juya kwat ɗin, ciki ya koma waje,
gashi a jikina, ɗinki a idon duniya,
layi bisa layi kamar taswirar gonaki.
Haka na bi titi zuwa wurin mai wake.
Matar ta daɗe tana kallo, ta kai yatsa ta taɓa,
ta ce, wannan hannun Lamburos ne.
Sannan ta ce, kin sa ta a baibai.
Na ce, na sani. Auna mini kilo ɗaya.

Tana da ɗumi.
Abin da har yanzu ban yafe mata ba ke nan.